Farar Shadda, Baƙar Fuska

Ɗan 'yar'uwata malamin firamare ne. Wata goma cur yana zubin adashe, ranar da kwasa ta zo kansa bai zame ko'ina ba sai gidana, da wata takarda a ninke cikin aljihu. Kyamara yake son saya. Ba shago zai buɗe ba, sha'awa ce kawai ta kama shi tun wata ƙaramar salla da ya kafe a Ƙofar Kudu tun azahar yana jiran hawan Daushe. Ya ɗauki hoto ya fi ɗari da wayarsa, da ya koma gida ya duba sai ya tarar dawakan sun zama 'yan ɗigo-ɗigo a cikin ƙura, sarki kuwa da laima kaɗai ake gane shi. A takardar ya jera sunayen kyamarori shida, kowace da yawan megafiksel ɗinta a gefe, ya ja layi biyu a ƙarƙashin wadda lambarta ta fi girma.

"Kawu, ai wannan ce ko?"

Na ce masa ni da alƙalami aka san ni, amma matambayi ba ya ɓata. Muka hau babur ɗinsa muka nufi wurin mutumin da ya ɗauki hoton aurena.

A unguwarmu ba mai kiran sunansa na yanka. Mai Hoto kawai ake cewa, 'ya'yansa ma 'ya'yan Mai Hoto ne. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da 'yar ƙurya. A bango har yau akwai tsohon labulen nan mai zanen gidan sama da kogi da furanni, wanda rabin mutanen unguwar suka taɓa tsayawa a gabansa sun dafa kujera, ko da yake yanzu farin ƙyalle ya fi janyowa saboda masu fasfo. A kan teburi ga kwamfuta, ga 'yar na'urar buga hoto, ga almakashi ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa.

Hoto ba sana'ar gado ba ce irin ƙira ko jima ko dukanci. Baƙuwa ce, ta bakin teku ta shigo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 akwai ɗan ƙasa mai riƙe da kyamara a Bonny, Jonathan Adagogo Green, wanda ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Benin a 1897, lokacin da Turawan Ingila suka tuɓe shi za su kai shi Kalaba. A biranen arewa da yawa daga shagunan farko a Sabon Gari suke, hannun mutanen kudu, kuma a ƙarƙashinsu 'ya'yan Hausawa suka koya. Haka ma a Yamai, wanda ya fi suna wajen ɗaukar shagulgulan birnin bayan samun 'yanci, Philippe Koudjina, daga bakin teku ya zo. Mai Hoto shi ma wurin wani Bayarabe ya yi zaman koyo. Shekarar farko, in ji shi, tsintsiya da jaka ne rabonsa: ya share shago, ya ɗauki jakar maigida zuwa gidan biki, ya riƙe fitila, ya kai fim wurin wanki a keke, ya yanka fasfo. Sai da ya iya yanka fasfo huɗu ba tare da ɗaya ya karkace ba aka bar shi ya leƙa cikin kyamara.

Wancan zamanin kowace dannawa kuɗi ce. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko. In haske ya shiga akwatin, ko aka yi kuskure a ɗakin wanki, sai a ce hoto ya ƙone, biki kuwa ya riga ya wuce, amarya tana ɗakinta. Ba a maimaita ɗaurin aure don mai hoto. Wannan tsoron ne ya horar da tsofaffin 'yan sana'ar, shi ya sa har yau za ka ga Mai Hoto ya daɗe yana kallon wuri kafin ya ɗaga kyamara, alhali yaran yanzu sun riga sun danna sau ashirin. Kafin nasa zamanin ma akwai masu hoton gaggawa da ke zama a bakin kotu da gidan waya da tasha, da akwatin katako a kan ƙafa uku. Mai akwatin zai zura hannu ta cikin wani baƙin hannun riga ya wanke hoton a cikin akwatin nan take, ya ɗauraye a bokiti, ya miƙo maka da danshinsa.

Abin da ya kashe fim a gidan fim aka haife shi. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steve Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kusa kilo huɗu, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya, baƙi da fari, a kan kaset. Kamfanin bai yi gaggawar rungumar abin ba, don daga sayar da fim yake ci, kuma a farkon 2012 sai ga shi a kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi. A tsakanin nan Nikon ta fito da D1 a 1999, Canon ta fito da 300D a 2003 a kan farashin da bai kai dala dubu ba, daga nan ƙananan 'yan sana'a suka fara ajiye fim. Amma su ma masu dijital ɗin ba su daɗe suna dariya ba. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamara wajen miliyan 121 a shekara guda, zuwa 2020 ba su kai miliyan tara ba. Wayar hannu ta cinye kasuwar.

Ta cinye ta Mai Hoto ma. Hoton salla da yara ke yin layi a ƙofar shago da sababbin kaya, hoton saurayi da zai aika wa budurwa, duk sun koma waya. Fasfo ɗin ma ya ragu, tunda ofisoshin katin ɗan ƙasa da na fasfon tafiya yanzu da kansu suke ɗaukar fuskar mutum. Abin da ya rage shi ne wanda waya ba ta iya yi da kyau, ko wanda mai shi ba ya son a yi masa wasa da shi: biki, saukar karatu, yaye ɗalibai, naɗin sarauta, taron 'yan siyasa, da hoton da za a sa a firam a rataye a falo.

Da muka shiga shagon, ɗan 'yar'uwata ya gaida Mai Hoto, ya miƙa takardarsa da hannu biyu. Mai Hoto ya karɓa, ya ɗan duba, ya ɗora almakashi a kanta.

"Malam, me za ka ɗauka?"

"Komai da komai, Baba."

"To ba a ƙera ta ba tukuna."

Daga nan ya ɗauko tasa kyamarar, ya mayar da ita kan otomatik, ya rataya wa yaron a wuya. Ya fita ƙofar shago ya tsaya a rana tsaka, da farar shaddarsa mai aiki a wuya da aljihu, ya ce a ɗauke shi. Yaron ya danna. Muka leƙa bayan kyamarar: riga ta fito, amma ba fara ba, toka-toka, fuskar Mai Hoto kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, haƙora kaɗai ake gani.

Wannan, a ganina, shi ne jarrabawar sana'ar hoto a ƙasarmu, kuma ba a rubuta shi a jikin kwalin kowace kyamara. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ba ya sanin abin da yake kallo. An gina shi ne a kan zaton cewa in aka cakuɗa duk abin da ke gabansa zai ba da launin toka, tsaka-tsaki. To ga Bahaushe ya cika hoto da farar babbar riga mai ƙyalli. Sai ma'aunin ya ce haske ya yi yawa, ya rage, rigar ta dusashe, fuskar da dama ba fara ba ce ta nutse gaba ɗaya. In ka ce bari ka ƙara haske don fuska ta fito, sai shaddar ta wanke fes, ta zama farar takarda, aikin da ke wuya ya ɓace. Mai rigar kuwa kuɗi ya zuba a wannan aikin, wani lokaci ya fi kuɗin yadin, kuma don a gan shi ya zo ɗaukar hoto. Ka fitar da fuska ka kashe aska takwas, ba za a sake kiranka ba. Ka fitar da aska takwas ka kashe fuska, uwargida za ta ce wannan ba maigidanta ba ne.

Matsalar ma ta girmi dijital. Shekaru da dama ɗakunan wankin hoto mai launi suna daidaita injinansu ne da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley. Wato fatar Bature ce mizani, sauran jama'a kowa ya yi ta kansa. Masu hoton Afirka da dabara suka riƙa cike wannan giɓin.

Dabarar Mai Hoto ba ta da tsada. Ya ja baya taku uku ya shiga inuwar bakin ƙofa, inda hasken titi ke shigowa a kwance ba daga sama ba. Ya sa yaron ya ƙara haske mataki ɗaya da wani ɗan maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa. Ya ba ni wani farin kwali ya ce in riƙe ta gefe ya mayar masa da haske a kumatu. Da aka danna, sai ga mutum ga rigarsa. Ya ce in dole ne a rana, to a kunna filasha ko da tsakar rana ce, ta cike inuwar da hula ke jefawa a ido. Lokacin hoto kuwa hantsi ne da la'asar sakaliya. Tsakar rana ta masu fasfo ce a cikin ɗaki. Hazon hunturu yana tausasa haske, fuska ta yi kyau, sai dai yana shanye launi, ja ya koma kamar an wanke shi sau goma.

Sai a nan ya janye almakashi daga kan takardar. Megafiksel, in ji shi, ƙidayar ɗigon da ke cikin hoto ce kawai, miliyan-miliyan. Hoton da ake bugawa mai inci 5 da 7 ɗigo miliyan uku da 'yan kai ya ishe shi ya fito tas, mai inci 8 da 10 kuwa miliyan bakwai da ɗoriya. Duk kyamarar da ke kan takardar ta ninka haka. Abin da ya kamata a tambaya shi ne girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a madadin fim. Babbar sensa girman fim ɗin da take, milimita 36 da 24. Mai bi mata, wadda ake kira APS-C, wajen 23 da rabi ce da 15 da rabi, ta Canon ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Ta Olympus da Panasonic 17 ce da 13. Ta yawancin wayoyi kuwa ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ka cusa ɗigo miliyan hamsin a kan farce, kowane ɗigo zai zama ɗan mitsitsi, hasken da zai tara kaɗan ne. Faranti mai faɗi shi ke iya riƙe farin shadda da duhun fuska a hoto ɗaya, shi ke jure ɗakin da fitila ɗaya ce, ba tare da hoton ya yi yashi-yashi ba. Ga mai sha'awa, ta tsakiyar nan ta isa har ta yi saura. Babbar ta masu cin abinci da sana'ar ce, ita da idanunta duk tsada da nauyi.

Ido shi ne gilashin gaba, wanda 'yan sana'a ke kira lens, kuma a kansa Mai Hoto ya fi daɗewa. Ya ce sabon shiga yakan zuba duk kuɗinsa a gangar jiki ya manta da ido, alhali jiki tsufa yake yi kamar waya, ido kuwa in an kula da shi sai a gada. Yawancin ƙananan kyamarori da ido mai zuƙowa na 18 zuwa 55 suke zuwa. Ba laifi a rana, amma da magariba ta yi sai ya makance. A jikin kowane ido akwai lamba mai harafin f, kuma abin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon 18 zuwa 55 in ka zuƙo shi ƙarshe f/5.6 yake komawa. Ɗan ƙaramin ido mara zuƙowa na 35 ko 50 mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, ga shi yana cikin mafi araha a kasuwa. Shi ne ke narkar da bayan mutum ya bar fuska ita kaɗai, abin nan da wayoyi ke kwaikwayo da lissafi har su cinye wa mace gefen ɗankwali. Da irinsa ba ka zuƙowa, da ƙafarka za ka matsa, kuma Mai Hoto yana ganin wannan kansa makaranta ce.

Dawakan hawan Daushe fa? Wannan sai dogon ido, irin 70 zuwa 300, da shota, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe in an danna, mai saurin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa in ana sukuwa, sai kuma abin da ba a sayarwa: sanin ta inda tawaga za ta ɓullo, da tsayawa inda rana ke bayanka, da gane lokacin da dogari ya gaji da kai. Hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a ƙarshen 2024, amma wurin tsayawa bai ƙaru ba.

Zaɓen kamfani kuwa kamar aure ne, ba yarinyar kaɗai ka aura ba, har danginta. Idon Canon ba ya hawa Nikon kai tsaye, batir ɗin wannan ba ya shiga waccan. Shi ya sa Mai Hoto ya ce a duba abin da mutanen garinku ke riƙewa. A nan Canon da Nikon suka fi yawa a hannun 'yan sana'a, Sony tana biye musamman wurin masu bidiyo. In ka bi ayari za ka sami mai ara maka ido ranar salla, ka sami caja in taka ta ƙone, ka sami mai saye in ka tashi sayarwa. Ka ɗauko wata baƙuwa don ka ga an yabe ta a intanet, ranar da marfin batir ya karye sai ka jira mai zuwa daga waje.

Yaron ya tambayi batun madubi, don ya karanta cewa masu madubi sun zama tsohon yayi. Gaskiya ne. Tsohon tsari, wanda ake kira DSLR, akwai madubi a ciki da ke tura hoto zuwa idonka, in ka danna ya ɗaga, shi ne ƙarar nan da ake ji. Panasonic ce ta fara cire shi a 2008, Sony ta sa babbar sensa a mara madubi a 2013, Canon da Nikon suka bi sahu da ƙarfinsu a 2018, kuma yanzu can hankalin kamfanonin ya koma. Marasa madubi suna da abin yabo. Suna kama ƙwayar idon mutum da kansu, kuma kana ganin yadda hasken zai fito tun kafin ka danna, wanda ga mai fama da farar shadda ba ƙaramin taimako ba ne. Wanda aljihunsa ya kai, ban ga dalilin hana shi ba. Amma Turawa da suka yi ƙaura zuwa sabon tsari sun zubar da tsofaffin a kasuwar gwanjo, kuma tun da darajar naira ta zube daga 2023, gwanjon nan shi ne ƙofar da ta rage wa malamin firamare. Ga kuma batun wuta. Mara madubi allonta kullum a kunne yake, da yawa daga ƙananansu hoto ɗari uku zuwa huɗu suke yi batir ya mutu, alhali Nikon D3500 mai madubi an auna ta a kan hoto 1,550 da caji ɗaya. Wanda ya taɓa kwana uku ba wuta ya san wace lamba ce ta fi megafiksel amfani.

Sayen ta hannu kuwa sai da ido a buɗe, ko a Legas ne, ko Abuja, ko wurin dillalan da ke kawowa nan Kano. Shotar kyamara tana da adadin rayuwa kamar injin mota. Ƙananan an gwada su a kan dannawa wajen dubu ɗari, manyan dubu ɗari da hamsin zuwa sama. Nikon tana rubuta ƙidayar a cikin kowane hoto, ana iya karantawa, yawancin na Canon sai an haɗa da kwamfuta. Kyamarar da ta fito daga hannun mai ɗaukar biki tana iya yin ƙyalli a waje alhali ta tsufa a ciki. Mai Hoto ya ce a tsuke ƙofar ido zuwa f/22 a ɗauki farin bango, duk dattin da ke kan sensa zai fito ɓaro-ɓaro. A cire ido a haska shi da tocila ta baya: in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a cikin gilashin, hunhuna ce, ta zauna a wuri mai laima, a bar musu kayansu. Batir da memori kuwa jabunsu ya fi na gaske yawa. Memorin jabu zai nuna maka yana da faɗi, sai ranar da ka cika shi ka tarar rabin hotunan ba sa buɗewa. Mai Hoto ya taɓa rasa kamun amarya guda ta haka, kuma ya ce har yau in ya hango uwar yarinyar a hanya yakan canza layi.

In ka saya, abokin gabarka ƙura ce. Ba a canza ido a fili lokacin hunturu, sai a ɗaki ko cikin mota, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Ba a hura sensa da baki, ba a goge gilashi da gefen riga, don ƙurar nan yashi ce, karce take yi. Ba a barin ta a mota a rufe cikin zafin bazara. Masu gyaran kyamara na ƙwarai kaɗan ne, ba kamar masu gyaran waya da ke kowace kusurwa ba, kuma sau da yawa in abin ya yi tsanani sai an aika Legas. Na taɓa ganin wadda aka kai wa mai gyaran waya, ya buɗe ta da ƙarfin hali, ya mayar, sukurori uku suka yi saura a kan teburi.

Akwai rabin sana'ar da ba ya cikin jaka. Mai hoto yana shiga inda ba kowa ke shiga ba, don haka amana ce jarinsa. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin hoto, kuma har yau akwai dattijon da in ka ɗaga kyamara zai kare fuska da hannun riga. Ba a yi masa dole. Ba a ɗaukar matar mutane a kasuwa don ta yi kyau a hoto, ba a ɗaukar almajiri yana cin abinci a watsa don a tara masu yabo. A wannan wurin mai sha'awa ya fi ɗan sana'a haɗari, domin shi ba wanda ya gayyace shi. Bukukuwan mata zalla, irin sa lalle da wuni, su suka buɗe wa mata ƙofar sana'ar, kuma gidaje da yawa yanzu mace suke nema. Wasu matan sun wuce gidan biki ma. Fati Abubakar ta fara zagaya Maiduguri da kyamara a 2015 tana sa hotunan a Instagram da sunan Bits of Borno, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar salla a lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai tashin bam.

Abin da ke ci wa Mai Hoto tuwo a ƙwarya shi ne gyaran hoto a kwamfuta. Ba gyaran yake ƙi ba, shi ma yana yi. Amma yanzu kowa ya zo karɓar hoto sai ya ce a ƙara masa haske, ba hasken hoto yake nufi ba, hasken fata. Ana goge fuska har ta zama kamar roba, amarya ta fito fara sol, danginta na ƙauye su kasa gane ta a kalanda. Ni dai ina tare da shi. Mutum ya shekara talatin yana koyon yadda zai fitar da baƙar fata da kyanta, da sheƙinta, sai a ce ya shafe ta da dannawa ɗaya. Wanda ya ga hotunan Seydou Keïta na Bamako, baƙi da fari, matan nan cikin atamfa a gaban labule mai zane, ya san ba abin da fatar ta rasa. Shi kuwa da 'yar akwatin Kodak Brownie da kawunsa ya kawo masa tsaraba a 1935 ya fara. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya bar wa Nijeriya hotunan kitso kusan dubu, shi ma da Brownie ya fara a 1950.

Sai kuma bashi, ciwon kowace sana'a. Ana gama biki kuɗi sun ƙare, mai hoto ne na ƙarshe a layin biya, bayan mai abinci da mai kujeru da mai kiɗa. A ƙuryar shagon akwai albam guda uku da ba a zo karɓa ba. Ɗaya daga ciki, in ji shi, auren ma ya mutu.

Bayan sati biyu yaron ya dawo da Nikon D3300 ta hannu, ƙirar 2014, shotarta ba ta kai dubu goma sha biyu ba. Ba ta cikin shidan da ya rubuta. Ya so ya haɗa da wani tsohon ido na 50 da aka yi masa araha, Allah ya sa ya kira Mai Hoto tukuna. Ashe ƙananan Nikon irin tasa ba su da injin saita ido a jikinsu, sai idon da ke da nasa injin, mai alamar AF-S ko AF-P. Da ya saya, da hannu zai riƙa murɗawa har abada. Ya ɗauki na 35 mai f/1.8, da batir na biyu, da 'yar robar hura iska, canjin da ya rage bai kai na man babur ba. Dogon ido kuwa Mai Hoto ya ce zai ara masa ranar hawa, da sharaɗin ya zo ya riƙe masa fitila a biki biyu kafin nan.

Ranar da ya kawo ta nunawa, Mai Hoto ya sake fita ƙofar shago da wata farar shaddar, ya tsaya a rana bai ce komai ba. Yaron ya dube shi, ya dubi sama, ya ce, "Baba, a ɗan ja baya zuwa inuwa." Ya miƙo mini kwali. Ya taɓa maɓalli, ya danna sau ɗaya.

Mai Hoto ya sa tabarau, ya karɓi kyamarar, ya zuƙo wuyan rigar ya ga zare-zaren aikin, ya zuƙo fuskar ya ga har furfurar gemu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya mayar masa.

"Ka yanke mini hula."